Yadda Zakiyyu Mai Fenti Ya Cire Biyar Daga Biyu

A cikin birnin Daura, in ka ga allon shago da jan rubutu mai lanƙwasa, har da ɗan fure a kusurwa, ba sai ka tambaya ba, aikin Malam Zakiyyu ne. Hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu. Bakinsa ne matsalar. Duk abin da ya taɓa rubutawa a bango, a ganinsa ya zama gwani a kansa. Ya rubuta allon kemis, ya koma ba mutane shawarar magani. Ya yi wa wani bakanike allon gareji, ya shiga tare direbobin Mai'adua a tasha yana gaya musu abin da ke damun injinansu.

Babbar fitinar ta zo ne lokacin da wata makarantar 'yan mata ta ba shi aikin ƙawata bangon azuzuwa. Aka miƙa masa takarda cike da alamomin lissafi, ya kwafe su tsaf, ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ya ce a daina kiransa mai fenti.

"Duk lissafin da ke makarantar nan ta hannuna ya bi," in ji shi a majalisar ƙofar gida. "Su kansu malaman, a bangon da na rubuta suke satar kallo."

Ɗantsoho mahauci, wanda taubashinsa ne kuma ba ya raga masa, ya ce, "Ashe da Farfesa muke zaune ba mu sani ba!"

Jama'a suka yi dariya. Malam Zakiyyu bai ga abin dariya ba. Ya gyara zaman hula, ya karɓi sunan hannu biyu.

To, yana da 'ya mai suna Khairat, tana aji biyar a wannan makarantar, kuma ita kam lissafin gaske take yi. A shekarar aka shirya gasar lissafi tsakanin makarantun masarautar, kowace makaranta za ta tura yarinya ɗaya. Aka yi ta tankaɗe har ya rage saura biyu, Khairat da wata Raihana. Malamarsu, Malama Kubura, ta ba su tambayoyi su je gida su warware, wadda ta fi ita za ta tafi.

Bayan la'asar Khairat na zaune a tabarma a tsakar gida tana aiki, sai ga uban ya shigo da bokitin fenti. Ya tsaya a kanta ya leƙa. Tambayar ƙarshe ce, ga ta kamar haka:

√(x + 7) = x − 5

"Wannan alamar sikwaya rut ce, Baba," in ji Khairat.

"Ni za ki gaya wa? Na zana ta ya fi a ƙirga. Rumfa ce, an ajiye lamba a ƙarƙashinta."

"Nufinta a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da abin da ke ƙarƙashi. Kamar in goma sha shida ce a ciki, to huɗu ke nan, don huɗu sau huɗu…"

"Na sani. Gwada ki nake yi. Ci gaba."

Ta nuna masa yadda ta ninka kowane ɓangare da kansa don rumfar ta tafi, da yadda ta yi ta kwashe-kwashe har amsa biyu suka fito, tara da biyu. Malam Zakiyyu yana ta gyaɗa kai kamar mai duba aikin almajirinsa, alhali tun a layi na biyu ya ɓace. Sai idonsa ya faɗa kan wani abu da ya gane. Khairat ta ja layi ta soke biyun.

"Wannan fa? Me ta yi miki?"

"Ba ta shiga, Baba. In an mayar da ita cikin tambayar…"

"A mayar da ita? Kin sha wahala kin fito da ita daga rumfa, kuma ki mayar? Wa ya koya miki wannan?"

"Malama ta ce dole a gwada kowace amsa, don ninkawar nan takan jawo wadda ba…"

"Gidan nan ba a almubazzaranci," ya katse ta. "Allah ya ba ki amsa biyu, ki ɗauki ɗaya ki zubar? Ita waccan yarinyar za ta kai ɗaya, ke ki kai biyu. Wa ya ci?"

Matarsa Maimunatu ta leƙo daga ɗakin girki da muciya a hannu. "Malam, don Allah ka bar yarinya da aikinta."

"Ke Maimuna, na taɓa zuwa na ce miki tuwonki ya yi ruwa?"

"Jiya ma ka faɗa."

"To ai ya yi ruwan."

Ya tsaya a kan Khairat har ta sake kwafe aikin a sabon shafi, ta rubuta tara da biyu. Yarinyar ta rufe littafinta. Ba ta saba ja-in-ja da ubanta ba.

Washegari ta dawo daga makaranta ido jawur, ta wuce ɗaki ba ta ko kalli abinci ba. Raihana aka zaɓa. Komai nasu ya zo daidai, sai a tambayar ƙarshe, inda Malama Kubura ta kewaye biyun da jan biro.

Da wani uban ne ya ji haka, da jikinsa ya yi sanyi. Malam Zakiyyu kuwa tsalle ya yi ya miƙe.

"Hassada ce! Sun ga amsa ta fi ƙarfin malamar, shi ne suka danne. Wallahi sai duk Daura ta ji wannan magana. In na gama da su, a zauren nan zan buɗe makarantar lissafi, su zo su zauna a ƙasa in koya musu."

Washegari kafin azahar ya shafe bangon gidansa na waje da farin fenti, ya rubuta tambayar da baƙi, kowane harafi ya kai tsayin yaro. A ƙasa ya rubuta 9 da 2 da ja, ya kewaye su da furanni. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana jiran jama'a su zo su sha mamaki.

Wadda ta fara zuwa ita ce Iya Lami, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta matso ta rage murya.

"Zakiyyu, ashe ka fara ba da taimako? Wannan hatimin na mene ne? In na ciwon gwiwa ne ka rubuta mini a allo in wanke in sha."

"Iya, ba hatimi ba ne, lissafi ne."

"To ko ma mene ne, rubuta mini. Wannan mai kama da lauje ta yi mini."

Bayan ita sai 'yan acaɓa. Ɗaya ya tsaya, ya kira wani, wani ya kira wani. Suka yi ta nuna jajayen lambobin suna raɗa. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa Zakiyyu mai fenti yana fitar da lambobin sa'a, kuma na wannan makon tara ne da biyu. Wani har ya zo ya durƙusa yana roƙon a gaya masa na mako mai zuwa.

Tun da aka ƙaddamar da shari'a, unguwar tana da kwamitin dattawa masu sa ido kan caca da makamantanta, shugabansu Malam Kalilu, mutum mai sanyin magana. Ya iso da mutum biyu a bayansa, ya yi sallama, ya dubi bangon daga sama har ƙasa.

"Malam Zakiyyu, wane ne wannan da aka rubuta sau biyu?"

"Ekis ke nan, Allah gafarta Malam."

"Ɗan wane gida ne?"

"Ba a san shi ba. Shi ake nema."

"Ana nemansa? Me ya aikata?"

"Ba mutum ba ne, lamba ce. Ɓoyayyar lamba. Kowa ya yi ƙoƙari ya gano ta, wanda ya dace shi ya ci."

Malam Kalilu ya dubi mutanensa, suka dube shi. "Lamba a ɓoye, kowa na nema, wanda ya dace ya ci. Malam Zakiyyu, in ba caca ba, mene ne sunan wannan?"

Gumi ya keto wa Farfesa. Ya fara bayanin rumfa da ninkawa, yana yi yana ƙara dagula zancen, har ya ce wani lokaci mutum kan ci biyu a lokaci ɗaya. Ɗantsoho, wanda ya baro teburin namansa don kada a ba shi labari, ya ga abin zai yi nisa, ya sa baki.

"Allah gafarta Malam, ni shaida ne ba caca ba ce. A caca wani lokaci akan ci. Wannan kuwa tun da ya fara, asara kawai ake yi."

Malam Kalilu ya danne dariya da gefen rawani. Ya ce to, tunda an ce karatun makaranta ne, a rufe bangon da tabarma har a ji daga bakin malaman, kuma shi da kansa zai halarci taron iyaye da za a yi ranar Asabar. Haka aka rataya tsofaffin tabarmi biyu a kan aikin Farfesa, ƙafar bakwai tana leƙowa ta ƙasa.

Da safe Malam Zakiyyu ya saka riga mai aiki ya nufi makarantar. Ya tarar da Malama Kubura a baranda tana duba littattafan yara. Mace ce mai haƙuri, ta shekara da shekaru tana fama da iyaye.

"Sannu da zuwa, Baban Khairat."

"Yawwa. Malama, tambaya ɗaya na zo da ita. Da ɗaya da biyu, wanne ya fi yawa?"

"Biyu."

"Alhamdu lillahi. To me ya sa mai amsa ɗaya ta ci mai amsa biyu?"

"Saboda ɗaya daga cikin biyun ba amsa ba ce. In aka ninka ɓangarorin nan, wani lokaci wata lamba kan biyo baya ta shigo, alhali ba ta dace da tambayar farko ba. Shi ya sa ake gwadawa. Ga alli, mayar da biyun cikin tambayar ka gani da idonka."

Malam Zakiyyu ya ɗaga hannu kamar an miƙo masa garwashi. "Ni ba na lissafin ɓoye a baranda. A gaban jama'a zan yi. Kuma ba da alli ba, da abin da ido zai gani, hannu ya taɓa."

"Ranar Asabar akwai taron iyaye," in ji ta. "Zan roƙi shugabar makaranta ta ba ka fili. Amma da ka gwada a gida tukuna."

"Mai shakka shi ke gwaji, Malama."

Ya fita yana kaɗa riga. A gida Khairat ta same shi a zaure, ta durƙusa.

"Baba, don Allah kada ka je. Na haƙura da gasar."

"Ke kin haƙura, ni ban haƙura ba. 'Yata za a zalunta ina raye?"

Ya faɗi haka da gaske, shi ya sa ta ƙyale shi. Ya sa ta sake maimaita masa ma'anar rumfar har ya riƙe: in an jera abubuwa layi-layi, tsawo da faɗi daidai, yawan da ke layi ɗaya shi ne amsar. Da ta zo kan ɗaya ɓangaren, ya ɗaga mata hannu.

"Wannan ai ɗebewa ce. Ɗebewa ma sai an koya mini?"

Ranar Asabar aka jera kujeru a ƙarƙashin itatuwan darbejiya na filin makarantar, maza a dama, mata a hagu, ɗalibai a baya cikin fararen hijabai. A gaba ga tebur an shimfiɗa masa leshi, an ɗora kyaututtukan yara da faranti na cincin don manyan baƙi. Malam Kalilu na sahun gaba. Maimunatu ta riga ta zo tare da Iya Lami, ta zauna can tsakiyar mata tana addu'ar Allah ya sa mijinta ya makara.

Bai makara ba. Ana cikin jawabin shugabar makaranta aka ji kukan awaki daga bakin ƙofa. Sai ga Malam Zakiyyu cikin farar babbar riga sabuwa fil, yana tura baro cike da gwangwanayen fenti, da wani ƙaton allo a ɗaure a sama. A bayansa Ɗantsoho ne, riƙe da igiyoyin awaki tara, yana murmushi irin na wanda aka gayyata walima.

Maimunatu ta dafe ƙirji. "Iya, awakina ne! Duka ya kwaso!"

"Ki yi shiru," in ji Iya Lami, "wataƙila sadaka hatimin ke buƙata."

Aka ba shi fili. Ya jingina allon da teburin kyaututtuka, ya yi gyaran murya, ya gai da manya, ya gabatar da kansa a matsayin wanda duk lissafin makarantar ya bi ta hannunsa.

"Jama'a, yau za ku ga gaskiya da idonku. Za mu fara da tara. Tara a haɗa da bakwai, nawa ke nan?"

"Goma sha shida!" ɗalibai suka amsa.

Ya sauke gwangwanaye goma sha shida, ya jera su layi huɗu, kowane layi huɗu. Wasu babu komai a ciki, wasu kuwa da sauran fenti, don bai sami isassun fanko ba.

"Kowane layi nawa?"

"Huɗu!"

"Wannan ɓangaren rumfa ke nan. Yanzu ɗaya ɓangaren. Ɗantsoho, kawo dukiya."

Ɗantsoho ya jawo awakin tsakiyar fili. Malam Zakiyyu ya ƙirga su da ƙarfi har tara, sannan ya ja biyar gefe ɗaya bayan ɗaya, wata baƙar akuya tana turjewa sai da ya ɗauke ta cak.

"Saura nawa?"

"Huɗu!"

"Huɗu a nan, huɗu a can. Ya yi ko bai yi ba?"

Fili ya ɗauki tafi. Har Malama Kubura ta tafa, don gaskiya abin ya yi kyau. Malam Kalilu ya gyaɗa kai ya ce wa na kusa da shi lallai wannan ba caca ba ce. Malam Zakiyyu ya ji kansa ya yi girma har hular na neman matse shi. Ya zaga fili sau ɗaya yana ɗaga hannu, ya tsaya daidai gaban malamar.

"Yanzu kuma ga wadda aka zalunta. Biyu! Biyu a haɗa da bakwai?"

"Tara!"

Ya rage gwangwanayen suka koma tara, layi uku, kowane layi uku. "Ɓangaren rumfa ya ba da uku. Kowa ya gani? To. Ɗantsoho, bar mini awaki biyu a fili, riƙe sauran."

Aka bar awaki biyu a tsakiya, suna kallon jama'a, jama'a na kallonsu.

"Yanzu za mu cire biyar," in ji Farfesa.

Ya kama ta farko ya miƙa wa Ɗantsoho. "Ɗaya!" Ya kama ta biyu. "Biyu!" Ya juyo da hannu a miƙe zai kama ta uku.

Fili fayau. Babu ko ɗan akuya.

Ya tsaya da hannu a sama. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya leƙa bayan allo. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai wata akuya da ke tauna gefen igiya.

"Saura uku, Farfesa," in ji Ɗantsoho cikin ladabi.

"Na sani."

"To cire mana."

"Ina zuwa. Kada a gaggauta ni." Ya share goshi. "Ai… ai abin da ake nufi, a cire biyu daga biyar. Duk ɗaya ne. Uku ke nan. Ga uku a can, ga uku a nan."

Malama Kubura ta miƙe. "Baban Khairat, ɗazu da kake da tara, biyar ka cire daga cikinsu, ko su ka cire daga biyar?"

"Wancan daban."

"Tambaya ɗaya ce ai."

"To a ba ni aron uku daga na hannun Ɗantsoho."

"A'a," in ji Ɗantsoho, ya ja igiyoyin baya. "Waɗannan ba sa cikin lissafi. Kai ka ce biyu."

Dariya ta fara tashi daga bayan fili, inda ɗalibai ke toshe baki da hijabi. Malam Zakiyyu ya waiga neman mafita, idonsa ya faɗa kan 'yarsa.

"Khairat! Zo ki gaya musu abin da muka yi a gida."

Yarinyar ta taso. Ta tsaya kusa da shi, kanta a ƙasa.

"Faɗi, kada ki ji tsoron kowa," in ji shi. "Gaskiya kawai."

"Gaskiya, Baba?"

"Ita kaɗai."

Ta ɗago kai kaɗan. "In an cire biyar daga biyu, an gangara ƙasa da sifili da uku. Ɓangaren rumfa kuwa uku ne cikakku, ga su nan ana gani. Uku da ake da su, da uku da babu, ba ɗaya ba ne. Sai an ninka kowanne da kansa suke zama tara su yi kama da juna, ta nan biyun ta samu ta shigo. Shi ya sa na soke ta."

"Kin soke ta?" in ji Malama Kubura. "A takardar da kika kawo mini ba a soke ba."

Khairat ta saci kallon ubanta, ta mayar da kai ƙasa. Duk filin ya bi idonta da kallo.

"Ni shawara kawai na bayar," in ji Malam Zakiyyu da ƙaramar murya.

Nan Ɗantsoho ya kasa riƙe kansa. Dariya ta kece masa, ya sunkuya ya dafe ciki da hannu biyu, igiyoyi tara suka zube ƙasa.

Baƙar akuyar nan ce ta fara. Ta yi kan farantin cincin kai tsaye, sauran suka rufa mata baya. Ɗaya ta kama gefen leshin teburin ta ja, kyaututtuka suka zubo, allon Farfesa ya kife. Malam Zakiyyu ya yi tsalle zai tare su, ƙafarsa ta faɗa cikin gwangwanin jan fenti, ya yi baya ya zauna daɓas a kan na shuɗi. Wani ɗan bunsuru ya bi ta kan cinyarsa da kofato kore shar, ya bar masa sawu tun daga gwiwa har kafaɗa. Mata suka dare suna salati, maza suka hau kujeru suna tattare riguna. Malam Kalilu na riƙe da rawaninsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ƙwatar takardar jawabin shugabar makaranta daga bakin wata akuya. Iya Lami kaɗai ba ta motsa ba, tana ta cewa ai dama ta san hatimin nan mai ƙarfi ne.

Da ƙyar ɗalibai suka tattaro awakin da suka samu. Da ƙura ta lafa, Malama Kubura ta yi magana da shugabar makaranta a gefe, sannan ta juyo ta sanar cewa ranar Litinin za a sake ba Khairat da Raihana sababbin tambayoyi, a cikin aji, a gabanta.

"Inda babu mai ba da shawara," ta ƙara da cewa, ba tare da ta dubi kowa ba.

Khairat ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta na rawa, ba a san ko kuka take ko dariya ba. Malam Zakiyyu ya miƙe, fenti na ɗiga daga rigarsa kala uku, ya ɗaga yatsa.

"Kun ji bayanin da ta yi? Wa ya haife ta? A jini abin yake!"

Bai rufe baki ba ya ga Maimunatu a gabansa. Ba ta ɗaga murya ba, don a gaban mutane ne. Ta nuna awakin da aka ɗaure a gindin darbejiya.

"Malam, tunda kai ne Farfesa, ƙirga mini."

Ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa, yana taɓa kan kowace. Shida.

"Tara ka fito da su," in ji ta. "Ƙofar makaranta a buɗe take. Kada ka shigo mini gida sai da su."

Haka mutanen unguwa suka ga Malam Zakiyyu da yammacin ranar, takalmi ɗaya ja, bayan riga shuɗi, yana bin lungu-lungu da guntun dusa a kwano yana kiran awaki. Duk ƙofar da ya wuce sai an leƙo an tambaye shi, "Farfesa, saura nawa?" Ɗantsoho na biye da shi da igiya a kafaɗa, har yanzu yana share hawaye.

Da suka kai bakin kasuwa Malam Zakiyyu ya tsaya cak, kamar wanda aka yi wa wahayi. Ya juyo, fuskarsa ta washe.

"Ɗantsoho, awaki nawa suka ɓace?"

"Uku."

"Uku da babu su! Ka gani? Abin da yarinyar ta faɗa ke nan. Malamar nan shekara nawa tana faɗa da baki, ba wanda ya taɓa gani. Ni na nuna shi a fili, kowa ya shaida."

"Ka nuna, wallahi," in ji Ɗantsoho. "Yanzu wuce mu je, ga ɗaya can a rumfar mai kabeji, kuma daga ganin fuskarsa shi ma yana da tambayar da zai yi maka."